Babban Harafi a Takardar Awara

Awara ba ta son leda. Duk wadda ta taɓa suya ta san wannan. In kika zuba ta da zafinta a leda kika ƙulle, kafin mai saye ya kai bakin motarsa ta yi gumi, ta saki jiki, yajin ya dunƙule kamar laka. Takarda kuwa shanye man take yi, ta bar ɓawon da ƙarfinsa. Shi ya sa tun ranar da na kafa kaskona a bakin boda, inda manyan motoci ke jeruwa suna jiran a duba su su wuce Maraɗi, ban taɓa rabuwa da buhun takarda ba. Ranar kasuwar Jibiya nake sayowa wurin wani tsoho da ke auna ta a sikeli. Tsofaffin jaridu ne, da littattafan 'yan makaranta da aka gama da su, da takardun ofis, har da na Nijar masu rubutun Faransanci.

Abu ɗaya nake dubawa kafin in ɗauka. A gidanmu a Daddara, in Inna ta ga takarda mai rubutun Larabci a ƙasa, ko tulu ne a kanta sai ta sauke, ta ɗauke takardar, ta kaɗe mata ƙasa, ta cusa ta a tsagar katanga. In sun taru a ƙone su, a binne tokar inda ƙafa ba ta bi. Ba a tsayawa tambayar me aka rubuta. Tsoron da ake ji shi ne kada a ce sunan Allah yana ciki. Da wannan na tashi, don haka duk buhun da zan saya sai na zazzage shi a gaban tsohon, in ware mai Larabci da mai ajami in mayar masa. Wanda aka rubuta da Hausar boko ma ina iya tsinto sunan Allah a ciki, tunda na yi aji huɗu a firamare kafin in bari. Amma Turanci ban taɓa kawo shi a raina ba. Ni a wurina harshen asibiti ne da ofishin kwastan da jikin kwalin magani. Na san masu shi suna da addini, sai dai ban taɓa zama na tambayi kaina da wane suna suke rubuta Ubangiji ba.

Shekara uku na yi ina naɗe awara a haka, hankalina kwance.

'Yata ta fari tana da shekara tara a lokacin, tana aji huɗu, daidai inda ni na tsaya. Wata rana ta dawo daga makaranta ta jefar da jaka, ta ƙi cin abinci. Da na matsa mata sai ta buɗe min littafinta na Turanci. An zagaye wurare biyar da jan biro.

"Ba kuskure na yi ba, Mama. Duk haruffan sun cika. Wai don ban yi su manya ba."

Na duba. Guda ɗaya na gane, sunan Allah ne, ta fara shi da ɗan ƙaramin a mai ciki. Sauran ban san su ba. Ni kuwa in abu ya shafi karatun yarinyar nan ba na iya barci a kansa, don ba na so ta tsaya inda na tsaya. Bayan la'asar na naɗe awara mai zafi, tunda ba a zuwa tambaya hannu rabbana, na ja ta muka shiga gidan maƙwabciyarmu.

Malama muke ce mata. 'Yar kudancin Kaduna ce, Kirista, tana koyar da Turanci a wata firamaren daban, mijinta kuma yana aiki a ofishin boda. Muna zaman lafiya. In Kirsimeti ta zo maigidana take kawo wa kajinta ya yanka, don mu ma mu ci. Mun same ta a tsakar gida tana tsince wake.

"A'a, Hajiya mai awara da ɗalibarta! Yau ƙarar wa aka kawo?"

Na miƙa mata littafin. Ta duba, ta yi dariya, ta ce malamin yarinyar bai zalunce ta ba.

"Zauna in gaya miki. Turawa kowane harafi nasu yana da babba da ƙarami, kamar wa da ƙane. In sunan mutum ne, da babban ake farawa. Sunan gari, babban. To balle sunan Mai duka."

Ta karɓi fensirin yarinyar ta rubuta kalma biyu a gefen shafi, ɗaya a kan ɗaya: God da god.

"Haruffa uku ne, iri ɗaya. In an faɗa da baki ba za ki ji bambanci ba. Amma wannan na sama shi ne Allah da ya yi ni ya yi ki. Na ƙasan kuwa gunki ne, ko dutse, ko duk abin da wasu suka ɗauka suna bauta wa. Shi ake iya cewa guda goma, guda ɗari."

"Yanzu Malama, ɗan girman harafin nan kaɗai ya raba Allah da gunki?"

"A takarda dai, shi ne."

Na ce Larabci ba shi da wannan, duk haruffan tsayinsu na halitta ne, ba a ƙara wa wani don girmamawa. Ta ce ta ji haka. Sai ta ci gaba da lissafa wa yarinyar tana rubutawa. Sunan Allah, babba. Alƙur'ani da Baibul, babba, don sunayen littattafai ne. Musulunci, Musulmi, Kirista, Ramadan, Kirsimeti, duk babba. Annabi in an haɗa shi da sunansa, babba. Amma addu'a, da azumi, da sadaka, da masallaci in ba wani masallaci kika kira da sunansa ba, waɗannan ƙananan ne.

"Azumi ƙarami?" na ce. "Wanda ya yanke wannan hukunci bai taɓa yin sa a Jibiya lokacin bazara ba."

Ta yi dariya har waken ya zube mata a zane.

"Akwai ma wata," in ji ta. "In kina maganar Allah kika ce Shi, wasu suna ba wannan Shi ɗin ma babban harafi. Mu a coci muna yi. 'Yan jarida wasu su yi, wasu ba ruwansu. Wannan ba a dukan yaro a kansa."

Tana magana tana kwance awarar da na kawo. Ta ci biyu, ta ba yarinyar ɗaya, sannan ta shimfiɗa takardar a gwiwarta tana gyara ta da tafin hannu. Malamai ba sa iya ganin rubutu su ƙyale.

"Yawwa, kin gani, ga shi nan ma. Wani ne ke gode wa Allah ya kai shi shekara saba'in." Ta ɗora yatsa. "Ga babban G ɗin nan."

Na leƙa. Kalmar ce, irin ta saman da ta rubuta. Mai ya jiƙa ta har ana ganin rubutun bayan shafin ta cikinta, ga yaji ya manne a harafin ƙarshe.

Ita misali take ba yarinya. Sai ta ɗago ta ga fuskata.

"Lafiya, Hajiya?"

Na ce lafiya. Na roƙe ta ta ba ni takardar, na ninke na sa a bakin zane. Muna fita na fara lissafi. Shekara uku, kullum takarda nawa? Na san abin da direbobi ke yi da ita in sun gama ci. Su goge hannu, su goge ƙarfen duba man inji, su dunƙule su jefa a kwata. Awaki su tauna. Taya ta bi ta kai. Kuma da ribar wannan suyar nake saya wa yarana sabulu da biro da maganin zazzaɓi. Abin da ya fi damuna ke nan: da hannuna nake miƙa sunan Ubangiji a jefa a kwata, kuma daga nan 'ya'yana suke ci.

Maigidana, da yake facin taya yake a can bakin bodar, ya saurare ni yana wanke hannu, ya ce, "Ke dai ba ki rasa abin tayar wa kanki hankali. Wa ya sani? Allah ai ya ga zuciyarki." Na san gaskiya ya faɗa, amma shi ba shi ne ke naɗewa ba.

Ranar Asabar da hantsi muka zazzage buhun a tabarma, ni da yarinyar. Na ce duk inda ta ga babban G ta miƙo min. Kafin a jima ta tara min tudu.

"Duk waɗannan sunan Allah ne?"

"A'a, Mama. Wannan Gusau ne. Wannan Gombe. Wannan kuma Gwamna."

"To Gwamna dai a naɗe awara da shi, ba zai ji ba."

Ashe babban harafi ya cika ko'ina. Kowace magana da shi take farawa, ko maganar taki ce. Sai na koyi kallon haruffan uku a tare, kamar yadda ake gane mutum daga nesa da tafiyarsa. Muka yi kashi uku: wanda muka tabbata akwai sunan, wanda muka tabbata babu, da wanda muke shakka. Na shakkar ya fi kowanne tsawo, don Malama ta aiko mana da wasu kalmomin a rubuce, na Ubangiji da na Maɗaukaki da na Mahalicci, ta ce su ma Shi ake nufi in sun zo da babba.

Can yarinyar ta ɗauko shafin wani ɗan makaranta ta jefa cikin kashin da babu.

"Wannan ƙaramin g ne, gunki ne. Malama ta ce."

Na ɗauko shi na riƙe. Rubutun yaro ne, karkatacce, irin nata.

"Ke ranar nan da wane harafi kika fara sunan Allah?"

"Da ƙarami."

"Gunki kike nufi?"

Ta zaro ido. "Subhanallahi, Mama!"

"To shi ma mai wannan littafin wa ya gaya miki gunki yake nufi?"

Ta sake duban shafin. A nan na gane ƙa'idar Turawa ba za ta fisshe ni ba. Ita an yi ta ne don mai rubutu ya nuna girmamawa, ba don mai awara ta san abin da za ta jefar ba. Mai rubutu yana iya mantawa, yana iya rashin sani, yana iya sauri. Muka mayar da duk mai ƙaramin g cikin kashin shakka. Yini guda muka yi, ba mu ci rabin buhun ba.

Sai na yi wata dabara. Na ce tunda Turanci ya zama haka, bari in koma kan takardun Nijar, masu ɗigo da ƙaho a kan haruffa. Su na riƙa naɗewa da su kwana biyu. Duk da haka hannuna ya riga ya koyi tsoro, kowace sai na juya ta gaba da baya kafin in zuba, layi yana taruwa.

Akwai wani direba ɗan Maraɗi, dattijo mai barkwanci, da ba ya wucewa bai tsaya wurina ba. Ya tsaya yana kallona.

"Ƙanwata, mi kike biɗa cikin takardar ga? Sefa aka ɓoye ciki? Duwan ma ba su bincike haka."

Duwan su ne kwastan ɗin can. Na gaya masa abin da ke akwai, na ce shi ya sa na koma kan na Faransanci.

Ya cire hula ya sosa kai. "Wayyo. To su Faransawa ba su da Allah ne? Ni na yi lakwal, makarantar boko tamu, har aji shida. Mushe namu, malamin, ya sha bugun kaina bisa wanga harahi. Taho ki gani."

Ya kai ni bayan motarsa. A jikin ƙofar baya, tsakanin zanen zaki da na furanni, akwai rubutu da koren fenti. Ya nuna min kalma mai haruffa huɗu, Dieu, ta farkon babba.

"Shi ne nan. Mu ma babba muke ba shi. In ƙarami ne, na arna ne."

Na koma gaban kaskon na tsaya. Man yana ta ƙonewa ban sani ba, sai da maƙwabciyata mai fura ta yi min magana. Ban sake naɗe wa kowa a takarda ba ranar. Washegari na gwada leda. Mutum uku suka ce min awarar ta canza, ɗaya ya tambaya ko ba ni ce na soya ba. Rana ta uku ban jiƙa waken ba ma. Kwana huɗu kaskon yana kife a bayan ɗaki. Na rasa yadda zan yi: in naɗe a takarda zuciyata ba ta yarda, in zuba a leda masu saye ba su yarda, in zauna kuma yara ba za su ci zaman ba.

A rana ta biyar na goya ƙaramin ɗana na shiga motar Daddara da sassafe, don hanyar ba a son a yi yamma a kanta. Na sami Baba a gindin darbejiyar ƙofar gida yana gyaran ƙotar fartanya. Manomi ne, amma ya yi karatun littattafai gwargwado, kuma ba ya gaggawar amsa. Sunan mahaifiyarsa aka sa min, don haka Uwata yake kira na.

Na kwashe komai na gaya masa, har da kwatar da awakin. Ina faɗa ina kuka. Ya bar ni na gama.

"Uwata, ranar da kika naɗe ta fari, kin san mi ke ciki?"

"Ban sani ba, Baba."

"To abin da bawa ya yi bai sani ba, ba a kama shi da shi. Haka muka ji ga malamanmu. Wancan ya wuce, ki bar ɗaukar shi a ka. Amma yanzu kin sani, ba ki iya komawa ki ce ba ki sani ba."

"Shi ne, Baba. Ga Turanci, ga Faransanci, wani babba wani ƙarami, wani an manta ba a yi shi babba ba. Ko shekara zan yi ba zan iya tantancewa ba."

Ya yi murmushi, ya buga ƙotar a ƙasa don ta zauna.

"Wa ya ce ki tantance? Mai gudun ƙaya ba ya zama ƙirga ƙayoyin daji. Hanya yake sakewa. Ke takarda kike so ko rubutu?"

"Takarda."

"To biɗi wadda ba a rubuta komi bisanta ba."

Na ce farar takarda sabuwa ai ta fi ƙarfin mai awara. Ya ce wannan kuma ni ce 'yar kasuwa, shi manomi ne. Ya sa aka ɗebo min gyaɗa, ya ce in tashi kada rana ta yi.

Da na sauka a tashar Jibiya na tsaya wurin mai shayi in sha ruwa, yaron bayana yana ta mutsu-mutsu. Ina tsaye na ga mai shayin ya jawo buhun madarar gari da ya ƙare, ya yage shi zai hura wuta. Buhun ashe hawa-hawa ne. Na waje shi ke da rubutu da zane. Na can ciki leda ce. Tsakaninsu kuwa akwai takarda biyu, masu kauri, kalar ƙasa, ko ɗigo babu a jikinsu.

"Malam, tsaya! Kada ka sa a wuta."

Ya dube ni kamar na zautu. Na karɓa na shafa, na ɗaga ta a rana, na murza gefenta. Ta fi jarida ƙarfi, kuma na san za ta sha mai. Na tambaye shi buhu nawa yake gamawa. Ya ce shi da ƙanensa da ke da teburi a bakin boda ba sa rasa biyu ko uku a mako, kuma duk wuta suke ci. Muka shirya a nan take: ya riƙa ajiye min, ni kuma in riƙa aiko masa da awarar karin kumallo. Buhu ɗaya in an yanka shi daidai tafin hannu biyu yana kai ni kwana biyu da rabi.

Saura tsohon buhun. Masu tsabta Malama ta aiko aka kwashe mata, ta ce ɗalibanta ba su da abin karantawa, za ta raba musu su riƙa ja wa manyan haruffa layi, kuma ta yi min alkawari ba za su kwana a ƙasa ba. Waɗanda mai ya taɓa, da waɗanda na bi bakin kwata na tsinto da tsinke, da wadda ta fi mako a bakin zanena, su na tara a tsohon kwano. Da safe bayan yara sun karya na kai su bayan ɗaki na ƙone. Takarda mai mai ba ta wahalar ci. Na haƙa rami a gindin katanga inda ko kaza ba ta bi, na juye tokar, na rufe, na ɗora dutse.

Ranar Litinin na koma bakin boda. Motoci sun yi layi har bayan gidan mai. Na hura wuta, man ya yi zafi, na jera awarar farko tana ƙara. Wani direba da ban sani ba ya miƙo hannu ta saman kafaɗar mai fura ya ce a ba shi da yaji da yawa. Na zaro takardar mai kalar ƙasa daga ƙarƙashin faranti. Duk da na san ni na yanka ta da almakashina, sai da na juya ta gaba da baya. Babu komai. Na zuba masa, na barbaɗa yajin, na ƙara masa biyu gyara, na ce na bayansa ya matso.